Yarinyar da Aka Ce Ta Sassauta Hannu

A wata ƙasar waje, a benci bayan gilashin ɗakin sukwash, wasan da ake buga ƙwallo a bango, wata mata mazauniyar ƙasar ta ji Hausa a bakin kocin yaran da suka zo wasan sada zumunta, sai ta matso kusa da shi.

"Sannu, Malam. Doguwar yarinyar nan, jiya na gan ta wajen atisaye, kamar za ta fasa bango. Yau kuwa sai ka ce ba ta karya ba."

"Sanyi ne, Hajiya. Ƙwallo ba ta tashi sosai a nan."

"Ai jiya ma da sanyin."

Ya juya raket, abin buga ƙwallon, a hannu.

"'Yata ce. Ni na ce ta sassauta hannu. Kin ga mutanen can masu riguna iri ɗaya? 'Yan kulob ne, yara suka zo zaɓa."

"To, ba abin da ake nema ke nan ba?"

"Haka na ce ranar da suka zaɓi yayanta. Da hannuna na haɗa masa kaya. Da mahaifiyarsu ta rasu, ta waya ya yi mini gaisuwa, kamar wani bare."

"Allah ya jiƙanta. Ita yarinyar ta yarda?"

"Ba ta ce komai ba. Ba ta taɓa yi mini musu ba."

"Ni ma ban taɓa yi wa babana musu ba, Malam. Da ya hana ni tafiya, shiru na yi, na jira lokacina. Da na samu dama na taho nan, ga shi har na yi furfura, ban koma gida ba."

Can ciki yarinyar ta saki hannu, ƙwallo ta daki bango da ƙarfi, masu rigunan suka miƙe tsaye. Kocin bai ɗaga kai ba.