Kaskon Ƙona Zinare

A bakin Kasuwar Jalingo, wata mai awara ta tare wani mutum da ke riƙe da baƙin kasko.

"Malam, na sayarwa ne?"

"Ba na abinci ba ne, Adda. Zinare muke ƙonawa a ciki, zaiba ta tashi ta bar zinaren. Guba ce."

"In na wanke da toka fa?"

"Ko kin wanke ban yarda ba. 'Yan gwangwan zan kai wa."

"A ina kuke ƙonawar? A daji?"

"A gida Iware, kan murhun matata. A daji idon mutane ya yi yawa."

"Da yara a gidan?"

"'Yata Hamna ba ta iya riƙe kofi yanzu, hannunta rawa yake yi. Likita ya ce in fitar da komai daga gidan."

"Allah ya ba ta lafiya. Amma 'yan gwangwan ba sa fasa kasko mai kyau. Nawa ma a wurinsu na saya. Gobe za ka ga naka ana suya da shi a ƙofar makaranta."

Mutumin ya dubi kaskon.

"To, Adda, ina zan kai shi?"