Buhu Huɗu Masu Jan Ƙyalle

Raihanatu: Alo? Salamu alaikum. Yaya Sa'idu?

Sa'idu: Wa alaikumus salam. Wa ke magana? Ɗaga murya, cikin kasuwa nike!

Raihanatu: Raihanatu ce, Yaya. Ina wuni?

Sa'idu: A'a, Auta! Lahiya lau. Ina gajiya? Ya Jega?

Raihanatu: Lahiya lau. Ya Goggo da ƙahwa?

Sa'idu: Da sauƙi, jiya har bakin rijiya tat taka. Ya aikin kwamfuta? Kuna ta buga ma mutane takardu?

Raihanatu: Muna yi. Ya su Hanan? Ya mutanen Kashin Zama?

Sa'idu: Duk lau. Hanan ta yi haƙori biyu, kowa tas samu cizo. Ke, wagga lambar wa ce?

Raihanatu: Ta mai shagon kusa da mu ce, ara niy yi, katin kuma ba yawa. Yaya, kana ina yanzu?

Sa'idu: Aliero, wurin lodi. Ba ki jin mota? Kai, a hankali da buhun nan, albasa ce ba dutse ba! Yi haƙuri Auta, da 'yan dako nike.

Raihanatu: Wace albasa ake lodawa?

Sa'idu: Ta rudu. Na kwashe rudun duka, tun girbi take ajiye, ga kasuwa ta yi kyau.

Raihanatu: Har da buhu huɗun nan da Goggo ta ɗaure ma jan ƙyalle?

Sa'idu: Mi? Jan mi?

Raihanatu: Jan ƙyalle! Albasar iri! Wadda muke dasawa ta yi hure mu samu irin baɗi!

Sa'idu: Awo, har da su. Mi zan yi da su? Na canza iri. Ke wa yag gaya maki?

Raihanatu: Na gani ka rubuta da sahe a zauren manoman albasa na cikin waya. Kac ce yau ka sallami tsohon iri.

Sa'idu: Ikon Allah! Ashe kina cikin zauren? Mi ya kai mai buga takarda cikin manoma?

Raihanatu: Yaya, bar wannan tukuna. Baƙin irin da munka sussuka bana, na cikin gora, shina nan?

Sa'idu: Na sayar ma 'yan Nijar tun watan jiya. Ai kin san ba ya kwana shekara biyu, mutuwa shike.

Raihanatu: Innalillahi. Ke nan irin Baba duk duniya babu sai buhu huɗun nan.

Sa'idu: Ke, kar ki tada mani hankali tsakar kasuwa. Baba ya yi zamaninshi, Allah shi jiƙan shi. Yanzu irin gwangwani ake yayi, Jan Zaki. Na yahwa shi kwana goma, ya tsiro kore shar.

Raihanatu: Ba ya yin kai.

Sa'idu: Ba ya mi? Layin na yankewa.

Raihanatu: Ba ya yin kai! Ganye kawai shike zubawa! Ka ce su sauke buhunan nan, don Allah.

Sa'idu: Ke kin san abin da kike hwaɗi? Mutum sun hi ɗari biyu cikin zaure sun gwada. Daga Kimba, daga Fagada, daga Maiyama. Kowa hoton albasa kamar kan jariri.

Raihanatu: Hoto guda shidda ne, juya su ake.

Sa'idu: To bar hoto. Malam Mamuda Kimba hwa? Dattijo ne, shekara arba'in shina albasa. In yai magana sai ki rantse Baba ne yat tashi. Shi yac ce in riƙa sare kan albasar iri da hantsi in bar ta ta sha iska kahin dashe. Wa ke hwaɗin haka in ba wanda yas san ƙasa ba?

Raihanatu: Ka taɓa ganin shi?

Sa'idu: Sau biyu ina hawa mashin zuwa Kimba, har da rabin buhu nik kai mai na gaisuwa. Anka ce ba a san shi ba. Nac ce wataƙila can gehen hwadama shike zaune, ba ya son hayaniya.

Raihanatu: Yaya.

Sa'idu: Na'am. Tamu direba, dakata da igiyar nan, ina waya!

Raihanatu: Babu Malam Mamuda.

Sa'idu: Ya rasu? Subhanallahi, yaushe?

Raihanatu: Bai rasu ba. Ba a taɓa haihuwa tai ba. Ni ce.

Sa'idu: Alo? Sake hwaɗi, wani mai amalanke ya wuce.

Raihanatu: Ni ce Malam Mamuda Kimba. Ni ke rubutawa.

Sa'idu: Auta, ba ni da lokacin wasa. Rana na dukana, mota na jira.

Raihanatu: Wallahi ba wasa nike ba. Shagonmu ba takardu muke bugawa ba, wannan allon waje ne kawai. Ɗakin baya akwai wayoyi talatin jere kan katako, duk an jona su ga kwamfuta guda. Masu sayar da Jan Zaki sunka ɗauke mu. Mu uku ke rubuta magana, inji na watsawa da sunaye daban-daban.

Sa'idu: Inji shi yi magana da Hausa? Har da barka da Juma'a?

Raihanatu: Mu muke zuba mai maganar. Da ya ga an rubuta iri ko albasa sai shi saki yabo. Ka tuna randa anka sa sanarwar rasuwar mijin Laraba ta garinmu a zaure?

Sa'idu: Na tuna.

Raihanatu: Anka rubuta marigayin manomin albasa ne. Mi yab biyo baya?

Sa'idu: Kai! Wasu marasa kunya sunka riƙa rubuta masha Allah mu ma mun gwada ya yi kyau. Har niz zage su, nic ce ba su da tarbiyya.

Raihanatu: Katako kaz zaga. Su ne mutum ɗari biyun naka.

Sa'idu: Alhajin Fagada mai rawani?

Raihanatu: Hoton wani ne anka ɗauko.

Sa'idu: Hajiyar nan mai gona a Maiyama, mai yawan dariya?

Raihanatu: Wani gardi ne mai gemu, teburinshi na kallon nawa.

Sa'idu: La ilaha illallahu. To ya anka yi... a'a, tsaya. Tsaya. Maganar sare kan albasa da hantsi, inji bai san wannan ba.

Raihanatu: Bai sani ba. Manaja yac ce yabon inji ya yi kama da juna, mutane sun hwara ganewa. Shina son dattijo guda wanda za a yarda da shi. Ni kuma dattijo guda nis sani. Duk abin da Baba ke hwaɗi muna zaɓen albasa bakin rudu, shi nir riƙa rubutawa.

Sa'idu: Kinka ɗauki bakin Baba kinka sayar da gwangwani.

Raihanatu: Na ɗauka irin na da kyau! Sun nuna muna takardu da hatimi. Nic ce in mutanenmu sun samu iri mai kyau mi ne laihi?

Sa'idu: To yaushe kinka gane ba shi da kyau?

Raihanatu: Shekaranjiya. Wani manomi na gaske yaz zo daga Maiyama, Lauwali sunanshi. Ya yi noman damina da Jan Zaki. Yaz zo da dami guda yaz zube muna tsakar shago. Yaya, wata huɗu a ƙasa, ganye har gwiwa, gindin kamar yatsana. Yac ce gona biyu haka. Irin ƙasar sanyi ne, ranarmu ba ta yi mai.

Sa'idu: Ban ga ya rubuta a zaure ba.

Raihanatu: Ya rubuta. Manaja yas sa inji yat taso mai, sunaye sittin sunka ce ƙarya shike, ɗan hassada ne, bai iya ban ruwa ba. Kahin la'asar an hidda shi daga zauren.

Sa'idu: Lauwali... mai hoton jaki?

Raihanatu: Shi.

Sa'idu: Ni ma na sa baki. Nic ce mai in bai iya noma ba shi koma kiwo.

Raihanatu: Na gani.

Sa'idu: Kin gani kinka yi shiru kwana biyu?

Raihanatu: Tsoro nij ji. An sa mu rantsuwa, kuma ana duba wayoyinmu. Na ɗauka kana da baƙin iri cikin gora, ko wanga ya ƙi ka koma. Sai da sahen nan nig ga rubutunka, har kana ma Malam Mamuda godiya. Yaya, zage ni daga baya, yanzu buhunan!

Sa'idu: Tamu! Tamu! Kashe motar nan! Nic ce kashe! Buhu huɗu masu jan ƙyalle, ina anka sa su?

Raihanatu: Mi yac ce?

Sa'idu: Wai su anka hwara lodawa, suna can ƙasa wajen kan motar. Buhu ɗari da ashirin bisa.

Raihanatu: A sauke!

Sa'idu: Ke kin taɓa ganin an sauke lodi bayan an ja igiya? Kayan mutum biyar ne ciki, Anacha za ta. Tamu, don girman Allah... a'a, ban ce duka ba... to bari in hau in duba da kaina.

Raihanatu: Yi a hankali.

Sa'idu: Riƙe layin. Kai yaro ba da kai nike ba, matsa. Auta, kina ji?

Raihanatu: Ina ji. Matar nan ta waya ta ce saura minti biyu.

Sa'idu: To amsa mani abu guda. Randa Baba yac cika shekara, na rubuta ma Malam Mamuda ta gehe, ba cikin zaure ba. Abin da ban gaya ma kowa ba, ko matata. Nic ce in na shiga hwadama ban san wa zan tambaya ba. Inji yak karanta ko ke?

Raihanatu: Ni.

Sa'idu: Yab ba ni amsa, yac ce in daina kuka, mahaihina na nan tunda irinshi na shiga ƙasa duk shekara.

Raihanatu: Ni nir rubuta. Ina kuka nir rubuta.

Sa'idu: Washegari kuma yac ce in gwada Jan Zaki.

Raihanatu: Wannan aikin ranar ne, an ba mu a takarda.

Sa'idu: Aikin ranar.

Raihanatu: Awo, na yi laihi, ban musa ba. Amma kai ma ka ji tawa. Bara da nic ce maka kana dasa albasar iri kusa da juna, mi kac ce? Kac ce in tahi in yi bokona, mace mi tas sani. Wata biyu bayan nan Malam Mamuda yah hwaɗi magana guda, kat tashi tun asuba kag gyara kunya. Shekara goma ina zaune gehen Baba ina miƙa mai albasa, kai kana wurin injin ban ruwa. Ba ka taɓa tambayata komi ba sai da nis sa gemu!

Sa'idu: Ke yanzu ni kike ma hwaɗa?

Raihanatu: Ba hwaɗa nike ba, hankalina ne a tashe. Ka hau?

Sa'idu: Na hau. Tamu, haska mani ta tsakanin katakon nan. Can... a'a, wannan leda ce. Matsa gaba. Ga shi! Ga jan ƙyalle nan ta gehe!

Raihanatu: Alhamdu lillahi! Nawa? Buhu nawa?

Sa'idu: Guda. In an ɓalle katako guda zai hito. Ukun suna tsakiya, sai dai mutanen Anacha su yi miya da su.

Raihanatu: Guda zai isa?

Sa'idu: Zai ba da irin rabin gona in Allah ya kiyaye. Tamu, ɓalle, ni zan biya kahinta! Jawo a hankali, kar ka hwasa!

Raihanatu: Ka shanya ta a inuwa, ta sha matsa. Duk wadda wuyanta yai laushi ka hidda.

Sa'idu: Ji ta. Har muryar Baba.

Raihanatu: Yaya, ka yahe mani.

Sa'idu: Saurara. Mutum tara a Kashin Zama sun sayi gwangwanin nan don sun ga na saya. Yau kahin magariba ki shiga zauren ki rubuta abin da kinka gaya mani. Ba da sunan Mamuda ba. Ki sa Raihanatu ɗiyar Malam Sharif.

Raihanatu: Za su kore ni. Kuma injin zai taso mani kamar Lauwali.

Sa'idu: Shi taso. Ni zan ɗauki mashin in bi su gida gida, inji ba ya zuwa zauren ƙasa. Lauwali kuma ki nemo mani lamba tai, ina da haƙurin ba shi.

Raihanatu: To. Zan rubuta. Amma ba ka ce ka yahe ba.

Sa'idu: Ke ƙanwata ce, ina za ni kai ki? Mamuda ne ban san yadda zan yi da shi ba. Wata takwas kullum in na idar da sallar asuba sai in duba ko ya yi magana. Na ɗauka na samu wanda zan riƙa tambaya.

Raihanatu: Ka samu mana! Duk abin da yas sani ni nis san shi. Ka tambaye ni, Yaya.

Sa'idu: Hm. To... wagga da ta sha matsa, in sare kanta kamar kullum, ko in dasa ta haka nan?

Raihanatu: Kar ka sare tukuna! Baba cewa shike in albasa ta wahala sai an bar ta kwana... Alo? Yaya Sa'idu? Alo!