Fada Yake Kira

A tashar Gwarzo, Jalo ya hango wata dattijuwa ɗaure da zanen matan coci. Ya durƙusa gabanta, idanunsa jajir.

"Sannu Inna. Maƙwabcinmu Baba Ɗanladi ne yake gargarar mutuwa a asibiti. Na kai masa fasto, sai ya kau da kai yana hawaye."

"Me yake cewa?"

"Fada kawai yake kira. Ni na ɗauka duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne, ɗana. Yana da carbi mai gicciye?"

"Ba ya rabuwa da shi."

"To ɗan Katolika ne. Su sai Fada, limamin cocinsu, ya saurari zunubansu, ya shafa musu mai kafin tafiya. Mu addu'a muke yi da karatun Littafi. Tun zamanin magabata muka raba hanya."

"Inna, shi ya goya ni ranar da aka binne mahaifina. Ina zan samo Fadan?"

Direba ya ɗaga murya, motar Kabo da dattijuwar take jira saura mutum ɗaya. Ta daɗe tana kallon motar, sannan ta ɗauki ƙunshinta.

"Shekara goma sha biyu ban taka ƙofarsu ba, tun da 'yata ta auri nasu. Amma na san hanyar. Tashi mu je."