Kuɗin Cefanen Kwana Biyu

A tashar Kwanar Dangora, Barakatu na zaune tana jiran motar Riruwai ta cika, wata dattijuwa da ba ta sani ba na gefenta.

"Iya, kwana biyu kacal zan yi wajen mahaifiyata, amma tun asuba nake zirga-zirga. Na kai niƙa, na sayo manja, na ƙulle wa maigida kuɗin cefane. Mutumin da ko farashin gishiri bai sani ba!"

"To wannan ƙullin na haɓar zaninki fa, 'yata?"

Barakatu ta shafa, ta yi salati. "Ai kuwa su ne! Na taho da su."

"Sauka ki mayar mana."

"In sauka? Shekara uku rabona da gida. Kaka ce, Iya, su gasa masara."