Abin da Nomau Ya Gani a Ɗigon Ruwa

A kasuwar Gwarzo, zamanin Turawa, ana jiran motar gyaɗa mai zuwa Kabo, Nomau manomi ya hango Littafi Mai Tsarki a jakar dattijon da ke gefensa. Suka gaisa, ashe mai bishara ne, Malam Irmiya. Nan take Nomau ya gyara zama.

"Baba, ran Lahadi za a yi mini baftisma, amma ina jin fasawa zan yi."

"Kai! Me ya yi zafi?"

"Malamin asibitin mishan ne ya ɗiga ruwan tafkinmu, ya ce in leƙa madubin likita. Baba, halittu! Har da ƙafafu, suna ta guje-guje! A ɗigo ɗaya fa!"

"To, sai me?"

"Sau uku na sa a karanta mini farkon Littafi, ba a ambace su ba. Wace rana aka halicce su? Nuhu ya sa su a jirgi?"

"Ɗana, mai bi ba ya tone-tone."

"Shi ya sa zan fasa. Kan nan nawa ba ya daina tambaya."

Dattijon ya daɗe yana shafa gemu.

"Shekara goma sha ɗaya ina wa'azi, har yau ban san inda Kayinu ɗan Adamu ya samo mata ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba."

"Kuma ba ka fasa ba?"

"Da tambayar nake durƙusawa in yi addu'a kullum. Shiga ruwanka ran Lahadi, kai da taka." Ya matso, ya rage murya. "Ƙafafun nan, nawa ne?"

"Ban ƙirga ba, Baba."

"Assha! In mun sauka, kai ni wurin madubin nan."