Ɓarawon Fim Ya Je Neman Gadi

A wurin jiran Keke Napep da ke Bolari na ji wannan zance, tsakanin wani dattijo mai tabarau da wani saurayi da ya ci ado.

"Samari, ba kai ne ɓarawon nan na gajeren fim ɗin da yara ke kallo a waya ba? Wanda ya haura katangar attajiri?"

"Ni ne, Baba. Ashe har manya sun gani!"

"Mun gani. Amma na san dabarar masu kyamara ce. An jingina maka tsani ta baya."

"Tsani kuma? Wallahi, Baba, da ƙafata na hau. Kwaɗon ƙofar ma na gaske ne. Darakta ya ɓatar da mabuɗin, na buɗe shi da ƙusa kafin ya gama salati."

"Ikon Allah! A ina ka koya?"

"Baiwa ce kawai. Sai dai fim ba ya ciyar da mutum. Yanzu haka unguwar Federal Low-Cost za ni, an yi mini hanyar aikin gadi a gidan wani Alhaji Fannami. An ce tsohon yana tsoron ɓarayi kamar ransa zai fita."

"Yana tsoronsu kuwa," in ji dattijon, yana gyara tabarau. "Ni ne Fannami. Ka huta da tafiyar, ɗana."

"Haba, Baba! Ai wasan kwaikwayo ne!"

"Na yarda. Katangar da ƙusar ne ba wasa ba. Amma kafin mu rabu, don Allah faɗa mini: wane irin kwaɗo ne ya taɓa gagarar ka? Shi zan saya."