Albasa a Ƙetaren Kogi

"Sojoji sun hana mu hawa gada, albasata na can ƙetare tana bushewa!" in ji wata mai goyo a rumfar tashar mota. Dattijon da ke jiran mota kusa da ita ya ɗago kai.

"Ƙetare ai ƙasarmu ce, 'yata. Kogi ne iyaka tun kakanni."

"Wane kogin, Baba? Na da ko na yanzu? Ambaliya ce ta sa ya sake hanya, ya bar gonarmu a bayansa. Don ruwa ya yi yawo, sai ƙasa ta bi shi?"

"Ku dai ba kwa sakin abin da ba naku ba."

"To, kai me ya kawo ka wajenmu?"

Ya sosa gemu. "Kabarin mahaifiyata. Ambaliyar ce ta bar shi a ɓangarenku."

"Allah ya jiƙanta. Sai ka bar mana wurin, tunda kogi ne iyaka."

"Haba! In bar uwata?"

"To ni ma ba zan bar abincin 'ya'yana ba. Manya su yi ta zaman sulhu, albasa ba ta jiran su." Ta gyara goyonta, ta matso. "Kai ɗan can ne, za su bar ka ka wuce. Gonar na gindin gada, mai shingen kara. Ka sakar mata ruwa yau, ni kuma maigidana zai riƙa share kabarin Inna."

Direba ya tayar da mota. Dattijon ya ɗauki jakarsa.

"Baba, don Allah, za ka sakar mata?"